Faifan farko na Public Enemy: ina siyasar take?

Tambaya: Malam, kullum ina jin ana cewa Public Enemy su ne iyayen gambarar wayar da kai a Amurka. Na nemo kundinsu na farko, Yo! Bum Rush the Show, na saurara daga farko har ƙarshe, amma ban ji komai ba sai cika-baki da yabon mota da wata waƙa ta zagin mace. Ni ne ban gane ba, ko kuwa zuzuta su kawai ake yi?

Amsa: Kunnenka lafiyarsa ƙalau, ƙanena. Waƙa 12 ce a faifan, kuma in za a yi ƙidayar gaskiya, biyu ne kawai aka gina tun daga tushe a kan halin da baƙar fata ke ciki. Sauran kirari ne, sai ɗan abin da ake jefawa a tsakiyar baiti a wuce. Ni ma abin da ya same ka shi ya same ni. Ta faifansu na uku na fara sanin su, Fear of a Black Planet na 1990, a wani kaset da aka kwafa daga kwafe har sautinsa ya dushe. Ranar da mai kaset ɗinmu ya samo mini na farkon, na koma gida da ɗoki, na zura a rikoda, sai na ji ƙato yana ta wasa motarsa. Na ɗauka musanye ya yi mini. Sai da na daɗe ina juya faifan nan, a gida da kuma wajen aikin rediyo, kafin na gane cewa inda nake laluben siyasar ba nan suka ajiye ta ba.

Mu fara da mutanen. Da yawa suna zaton yaran lungunan Bronx ne ko Harlem, unguwannin cikin birnin New York. 'Yan Long Island ne, unguwannin da ke gabas da birnin New York, inda baƙaƙen fata masu ɗan rufin asiri suka riƙa komawa suna sayen gida mai fili da wurin ajiye mota. Chuck D, wanda sunansa na yanka Carlton Ridenhour, an haife shi a 1960, ya kuma tashi a garin Roosevelt, ɗaya daga cikin garuruwan da fararen fata suka riƙa kwashe kayansu da zarar baƙaƙe sun fara shigowa. Ya karanta zane da tsara hoto a Jami'ar Adelphi. A wannan zamanin ne Hank Shocklee, mai wata ƙungiyar kiɗan casu da ake kira Spectrum City, ya ji muryarsa ya jawo shi jiki. Jami'ar tana da gidan rediyon ɗalibai, WBAU, kuma mai tsara shirye-shiryensa, Bill Stephney, ya ba su fili. A nan William Drayton ya maƙale musu, wanda duniya ta sani da Flavor Flav. Shi da Chuck har aikin dakon kujeru da gadaje sun yi tare a motar kayan mahaifin Chuck.

To ka lura da shekaru. Lokacin da faifan ya fito a Fabrairun 1987, Chuck D yana da shekara 26 da digirinsa a hannu. LL Cool J, tauraron kamfanin Def Jam na lokacin, yana ɗan shekara 17 ya saki kundinsa na farko. A wancan zamanin gambara sana'ar yara ce, shi ya sa Chuck ya daɗe yana ƙin amsa kiran Rick Rubin, ɗaya daga cikin masu kamfanin, wanda ya yi watanni yana damun sa da waya. Gani yake ya tsufa da wannan harka, rediyo yake so. Amma tsufan nan shi ne jarinsa. Yana ɗan shekara bakwai aka kashe Martin Luther King a 1968, ya ga zamanin Black Panther, ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fata, da idonsa, alhali samarin da ke sayen faifai a 1987 sai dai a ba su labari, in ma an ba su. Da Bill Stephney ya kama aiki a Def Jam, shi ya kawo shawarar a haɗa ƙungiyar da za ta ɗauki ƙarfin kiɗan Run-DMC ta gwama da zafin siyasar The Clash, mawaƙan nan na Ingila. Ka ga ke nan niyyar tana nan tun kafin a shiga situdiyo. Waƙoƙin da ke hannunsu ne ba su kamo niyyar ba tukuna.

Dalili kuwa shi ne yawancinsu tsoffin kaya ne, na rediyo da filin casu. Waƙar da ta ba ƙungiyar suna, Public Enemy No. 1, tun wajen 1984 aka yi ta, kuma asalinta martani ne ga wani mawaƙin yankinsu da ya nemi su kara da Chuck. Wanda ya taɓa zuwa filin dambe ya san wannan. Ɗan dambe ya fito tsakiyar fili ya ɗaga hannu, ya ce shi ne kaza shi ne kaza, ya kashe a gari kaza, wanda ya isa ya fito. Ba wanda zai tsaya tambayar sa ra'ayinsa game da haraji. Haka gambarar New York take a tsakiyar shekarun 1980: kirari da zambo, kowa yana wasa kansa yana kushe abokin karawa. An yi waƙoƙin koke kafin nan, mafi shahara ita ce The Message ta Grandmaster Flash and the Furious Five a 1982, amma jefi-jefi ne. Wanda bai iya kirari ba, ba a ma ba shi makirufo balle ya yi wa'azi. Chuck D sai da ya fara nuna cewa ya isa.

Yanzu koma ka saurari wannan waƙar, ka manta da kalmomin. Akwai wata ƙara da ke bin ta daga farko har ƙarshe, kamar an kulle zirnaƙo a gwangwani. Daga farkon wani kiɗa na Fred Wesley da The J.B.'s aka yanko ta, Blow Your Head na 1974, makaɗan James Brown ke nan. Yadda aka fara haɗa ta zai ba ka dariya, domin duk wanda ya yi zamanin rikoda mai kaset biyu ya san dabarar. Ka saka kiɗan a ɓangare ɗaya, kaset marar komai a ɗayan. Ka danna ɗauka, daƙiƙa kaɗan su wuce, ka danna dakatarwa. Ka mayar da kiɗan baya, ka sake saki, ka sake ɗauka daidai inda ka tsaya. Haka za ka yi ta yi har gutsuren daƙiƙa kaɗan ya zama shimfiɗar minti huɗu. In yatsanka ya makara ko da ƙiftawar ido ne, kiɗan ya yi tuntuɓe. Da irin wannan aikin haƙuri aka yi gwajin farko, kuma shi ne ya zaga har ya kai kunnen Rick Rubin. Abin tambaya a nan shi ne, cikin dubban faya-fayen da Spectrum City suka tara, masu daɗi da sanyi, me ya sa suka zaɓi wannan ƙara mai sa haƙori tsami?

Amsar wannan ita ce amsar tambayarka. Ka duba abin da gidajen rediyon baƙaƙen fata ke sakawa a 1986: Luther Vandross, Anita Baker, Freddie Jackson, Whitney Houston. Muryoyi masu zaƙi, kiɗa mai santsi, soyayya da kwalliya. A talabijin kuma shirin da ya fi kowane farin jini a ƙasar shi ne The Cosby Show, gidan baƙar fata, miji likita, mata lauya, kowa cikin walwala. Ba laifi ba ne, kuma ni mai son Anita Baker ne har gobe. Sai dai ka ajiye wannan hoton kusa da abin da ke faruwa a titi. A 1983 'yan sandan jirgin ƙasa na New York suka kama Michael Stewart, ɗan shekara 25, kan zane a bangon tasha. A sume aka kai shi asibiti, bayan kwana 13 ya rasu, kotu kuma ta wanke 'yan sandan. A 1984 'yan sanda suka harbe Eleanor Bumpurs, tsohuwa mai shekara 66, a ɗakinta a Bronx, wajen fitar da ita kan bashin kuɗin haya. A Disambar shekarar wani farar fata, Bernhard Goetz, ya harbi samari baƙaƙe huɗu a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane da yawa suka mai da shi gwarzo. A Disambar 1986, faifan nan yana ajiye yana jiran fita, motar wasu baƙaƙe ta lalace kusa da unguwar Howard Beach, samarin unguwar farare suka far musu da sanduna, Michael Griffith ɗan shekara 23 ya gudu ya faɗa babban titi mota ta kashe shi. A irin wannan gari, mutum ya fito da kiɗan da ba ya lallashi, ba ya neman a so shi, wanda in mota ta wuce da shi sai an waiwaya an ɓata rai, wannan kansa magana ce. Hank Shocklee bai ɓoye ba cewa shi a wajensa kiɗa hayaniya ce da aka tsara, kuma da gangan yake neman abin da zai dami kunne. Eric Sadler, wanda shi ya san ƙa'idar kiɗa a cikinsu, aikinsa ya hana ginin rushewa. Wannan taron, da Keith ƙanin Hank da shi Chuck ɗin, su ne daga baya aka sani da Bomb Squad.

Sai abin da ido ke gani. Tambarin ƙungiyar Chuck D ne ya zana shi da hannunsa, karatun jami'a bai tafi a banza ba: inuwar mutum da hula, a tsakiyar saitin bindiga. Mutane da dama sun ɗauka ɗan sanda ne aka saita, har aka yi ta surutu. Chuck ya bayyana cewa saurayi ne baƙar fata, kuma daga hoton E-Love, abokin tafiyar LL Cool J, ya fitar da inuwar. Wato wanda ake nuna wa bindiga, shi ne kuma ake kira abokin gabar jama'a. Laƙabin kansa tsoho ne a Amurka, tun shekarun 1930 ake liƙa wa manyan masu aikata laifi irin su Al Capone da John Dillinger. Ɗaukar wannan suna a rataya wa kai daidai yake da a ce wa hukuma: mun ji sunan da kuke kiran mu da shi, mun amsa, sai me? Hoton bangon faifan, wanda Glen E. Friedman ya ɗauka, ya nuna su a wani ɗaki mai duhu, sun kewaye na'urar juya faifai a ƙarƙashin fitila ɗaya, kamar masu kitsa juyin mulki. A ƙasan hoton an jera rubutu ana maimaitawa, cewa gwamnati ce ke da alhaki. Alhakin me? Ba su faɗa ba. Sun bar wa mai saye ya cike da abin da ya sani.

Tsarin ƙungiyar ma haka. Richard Griffin, wato Professor Griff, yana da tawagar samari masu koyon faɗan kare kai da ke tsaron wuraren casun Spectrum City. Aka sa musu kakin soja, aka ba su bindigogin Uzi na roba, aka kira su S1W, masu tsaron duniya ta farko, don a ce baƙar fata ba mutanen duniya ta uku ba ne. Ba sa waƙa, ba sa rawa irin ta casu, fareti suke yi a kan dandamali fuska a murtuke. Shi Griff aka ba shi muƙamin ministan yaɗa labarai, muƙamin da Eldridge Cleaver ya riƙe a Black Panther. Norman Rogers, Terminator X, shi ne mai juya faifai, ba ya magana, shi ya sa waƙar ƙarshe take cewa da hannuwansa yake zance, ko da yake wani yaro Johnny Juice Rosado ya yi kaso mai yawa na ƙarzar faifan da kake ji a kundin. Griff da wasu daga cikin yaransa suna da alaƙa da Nation of Islam, wata ƙungiyar addini ta baƙaƙen fatar Amurka. Mai karatu Musulmi ya san cewa aƙidar wannan ƙungiya ta saɓa wa Musuluncin da muka sani a manyan ginshiƙai. Abin da ya ja samarin Amurka gare ta shi ne tarbiyya da kame kai da alfahari da launin fata. A faifan farko ba ta fito fili sosai ba, sai a na biyu.

Flavor Flav kuwa, su kansu masu Def Jam ba su gane amfaninsa ba, sun so su ɗauki Chuck shi kaɗai, shi ya kafe sai da shi. Da Bahaushe suka tambaya da ya warware musu cikin minti ɗaya: sanƙira ne. Makaɗi yana waƙa, ga wani a gefe yana cafe magana yana ƙara mata gishiri, yana zuga, yana tsokana, yana sa dariya. Muryar Chuck mai kauri ce, irin ta mai ba da umarni, kuma shi da bakinsa ya ce ya koyi jefa murya daga Marv Albert, mai sharhin wasanni a rediyo. Murya irin wannan in ta yi minti hamsin ita kaɗai, huɗuba za ta zama, yara su watse. Siririyar muryar Flav ita ke buɗe taga iska ta shigo. Kuma kada shirmen agogon bangon da yake ratayawa ya ruɗe ka, a cikinsu duka shi ya fi iya taɓa kayan kiɗa.

Da wannan a zuciya, sake bin waƙoƙin da ka raina. Ta farko, You're Gonna Get Yours, ita ce ta motar, Oldsmobile 98, doguwar motar Amurka mai shan mai kamar raƙumi. Akwai wasu ƙartin samari a Hempstead da ake kira 98 Posse, masu hawan irin wannan mota, su ke mara wa Spectrum City baya in rigima ta tashi a wajen casu, waƙar tasu ce. Amma bi labarin da kyau. Kafin a je ko'ina 'yan sanda sun shigo, ana bin sa, an ɗora masa bindiga a ƙirji, yana cewa gwamnati ce ke buƙatar a kai ta gareji, yana kuma cewa ba ɗan sandan da ya isa ya ci masa mutunci. Saurayi baƙi a cikin babbar mota a unguwannin Long Island ya san sau nawa ake tsayar da shi a mako. Yabon motar da ƙorafin tsayarwar abu ɗaya ne a bakinsa. Miuzi Weighs a Ton, wato bindigata Uzi nauyinta tan guda, ita ta fi tsorata mutane, alhali bindigar da yake nufi harshensa ne da ƙwaƙwalwarsa. A Timebomb, wadda ba ta da amshi ko ɗaya, baiti ne a kan baiti bisa kiɗan The Meters na New Orleans, a tsakiyar wasa kai sai ka ji ya kira kansa mai rusa gwamnatin Afirka ta Kudu, ya ambaci ƙarfin Panther, ya wuce abinsa. A 1986 ne fa, Mandela yana kurkuku. Kirarin dai shi ne, amma abin da ake alfahari da shi ya fara sauyawa daga sarƙar zinare zuwa wani abu dabam. Sunan kundin kansa, a bakin 'yan titi, yana nufin taron da aka hana shiga wuri su haɗa ƙarfi su banke ƙofa. Waƙar tana ba da labarin ƙofar gidan casu, amma ƙofar da suke nufi ta masana'antar waƙa ce.

Biyun da na ce an gina su a kan saƙo su ne Rightstarter da Megablast. Ta farkon ma a sunanta an rubuta cewa saƙo ne ga baƙar fata. A nan ne za ka fara jin Chuck D ɗin da aka ba ka labari: yana faɗa da nasa, kan rashin sanin tarihi, da ƙwaya, da kashe juna, da yadda kurkuku ke cika da su, yana kiran a yi juyin tunani. Ka lura bai fara da zagin farar fata ba, da 'yan gida ya fara, kuma da zafi. Megablast gajeriya ce, kusan babu kiɗa sai bugu, Chuck da Flav suna magana a tare kamar mutane biyu da abu ya ci kansu, suna kwaikwayon mai roƙon a ba shi ko ɗan ƙanƙane. Kan kirak ake magana, wato hodar iblis da aka dafa ta dunƙule ake zuƙa, mai arha da saurin kama mutum, wadda ta mamaye unguwannin talakawa a tsakiyar shekarun 1980. A 1986 majalisar Amurka ta yi dokar da ta sa wanda aka kama da giram 5 na kirak don sayarwa zai sha ɗaurin aƙalla shekara biyar, daidai da wanda aka kama da giram 500 na garin hodar. Garin na masu kuɗi ne, dunƙulen na talaka, sai ka lissafa wa aka ɗaure. Abin tausayi, shi Flav ɗin da ya yi wannan waƙa daga baya ya yi shekaru yana fama da wannan masifar, kuma bai ɓoye ba.

Waƙar zagin macen kuwa, wadda ko sunanta ba na son rubutawa, ba ni da abin kare ta. Vernon Reid na ƙungiyar Living Colour ya kaɗa jita mai kyau a kanta, iyakar alherinta ke nan. Labarin wata ce mai raina samarin unguwa tana bin masu kuɗi, aka bi ta da munanan kalmomi, aka kuma rufe da dukanta kamar abin da ta jawo wa kanta. Masu son ƙungiyar sukan ce ai wata irin hali ake suka, ba mata duka ba. Wannan hanzari ne. Mutumin da ke kiran al'ummarsa ta farka, ya kuma tsaya kallon ana dukan 'yar al'ummar, akwai gyara a farkawarsa. Masu sharhi sun caccake su a kan haka tun a lokacin, kuma matsalar ba ta ƙare a faifan farko ba.

Da ya fito, bai yi wani tashe ba a gida. Ya tsaya a lamba 125 a jadawalin cinikin faya-fayai na Billboard, gidajen rediyo suka kau da kai, Mr. Magic, mai shirin gambara mafi tasiri a New York, ya kushe Public Enemy No. 1 a kan iska. Sai a 1994 aka tabbatar ya kai kwafi 500,000. Wani ɓangare na matsalar jinkiri ne. An gama aikin a 1986, amma Columbia, babban kamfanin da ke rarraba kayan Def Jam, yana da manyan kaya a gaba, na Bruce Springsteen da na Beastie Boys, duka a Nuwambar shekarar, sai aka tura na Public Enemy gaba. Watanni kaɗan ne, amma gambara a lokacin gudu take kamar wutar daji. Kafin su fito, Rakim ya zo da wani salon jera kalmomi cikin natsuwa da sarƙaƙiya, KRS-One da Boogie Down Productions sun zo da nasu, kuma an fara yanko ainihin gangunan James Brown maimakon dogaro da na'urar bugu. Faifan Public Enemy ya fito da ƙamshin bara. Su da kansu sun san haka.

Abin da suka yi da wannan haushin shi ne ainihin labarin. Da suka ji I Know You Got Soul ta Eric B. da Rakim, sai suka koma situdiyo a guje suka yi Rebel Without a Pause, suka liƙa ta a bayan ƙaramin faifan waƙar motar nan, a tsakiyar 1987. Sun ƙara wa kiɗan sauri. Sun yanko wani ihun algaitar Turawa daga The Grunt na The J.B.'s, mai tashi sama kamar butar shayi ta tafasa, suka sa shi yana maimaituwa ba hutu. Chuck ya sassauta jerin kalmominsa, ya daina taka kowane bugu kamar soja, kuma a karon farko kirarin da siyasar suka narke suka zama abu guda, har shugaban ƙasa Reagan bai tsira ba. Zirnaƙon Public Enemy No. 1 ne ya girma ya zama wannan. In kana son ka ji tazarar da ƙungiya za ta iya ci cikin wata shida, saka su a jere: Public Enemy No. 1, sai Rightstarter, sai Rebel Without a Pause. Ƙarar tana ta farko, saƙon yana ta biyu, a ta uku suka haɗu.

Ingila ce ta riga Amurka gane su. Marubutan mujallar NME sun zaɓi Yo! Bum Rush the Show a matsayin kundin da ya fi kowane a 1987, a shekarar da Prince da U2 da Michael Jackson duk suka saki manyan faya-fayai. Turawan da suka taso da kiɗan tawaye irin na The Clash sun ji abin da Bill Stephney ya yi niyya tun farko, ko da kalmomin ba su gama nuna ba. In ka saka kundi na biyu, It Takes a Nation of Millions to Hold Us Back, wanda ya fito a Yunin 1988, abin da za ka fara ji shi ne jiniya da ihun jama'a da muryar Griff yana yi wa Landan gargaɗi. A zauren Hammersmith Odeon aka ɗauki wannan, a Nuwambar 1987, a rangadin Def Jam. LL Cool J ne mai gayya a daren, su 'yan share fage ne, kuma kundi ɗaya tak suke da shi a kasuwa, wannan da ke hannunka.